Mun hana mahaifinmu fita saboda korona, shin muna da zunubi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu shekararsa 78, yana da ciwon suga da hawan jini, amma hankalinsa garau yake, har yau shi yake lissafin kuɗin hayar shagunansa. Tun mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020 yayyena maza suka hana shi fita. Sun naɗe tabarmar zaure, sun ce wa abokansa su dakata da zuwa, mabuɗin ƙofa ma yana hannun babban yayanmu. Aminansa biyu sun rasu an ɓoye masa, in ya tambaya sai a ce suna gaishe shi. Yanzu ya rage cin abinci, ba ya yi mana magana sai dole, rannan ya ce min mun binne shi da ransa. Ƙaninmu kuma cewa yake yi a ƙyale shi, ai ya ci zamaninsa, dama cutar ta tsofaffi ce. Ga azumin 2021 ya matso, ya ce sai ya je tarawihi da tafsiri. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya yi muku albarka.

'Yata, tsoron da yayyenki suka ji ba na banza ba ne. Duk wanda ya zauna a Kano cikin azumin 2020 ya ga yadda dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma likitoci sun haɗu a kan cewa cutar ta fi yi wa mai yawan shekaru illa, balle in ta tarar da suga ko hawan jini. Shari'a ba ta ƙyamar irin wannan taka-tsantsan. Lokacin annobar Amwas da ta ɓarke a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya doshi can, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg ya sami labari sai ya yanke shawarar juyawa da mutane. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa don gudu. A zamaninmu ma majalisar manyan malaman Saudiyya ta dakatar da jam'i da Juma'a a masallatai a watan Maris na 2020 in ban da harami biyu, kuma a Hajjin shekarar ba a bar wanda ya haura 65 ya hau Arfa ba.

Saboda haka mahaifinku yana da uzuri karɓaɓɓe na barin masallaci. A mazhabarmu ta Malikiyya sallar jam'i sunna ce mai ƙarfi, Juma'a ce farilla a kan kowane namiji baligi mazaunin gari, kuma ita ma tana faɗuwa da uzuri. Shehu Khalil mai littafin Muhtasar ya lissafa ruwan sama mai ƙarfi da taɓo da ciwo da jinyar marar lafiya da tsoro a kan dukiya. In taɓo ya isa uzuri, ina ga cutar da ke iya kwantar da dattijo a gadon asibiti? Abdullahi bin Abbas ya taɓa umartar ladaninsa ranar Juma'a da ake ruwa ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu. Ladan Baba kuma ba zai ragu ba in sha Allahu, gama ya tabbata a Bukhari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya yana gida, malamai kuma sun haɗa da duk wanda uzuri ya tsare alhali niyyarsa tana nan.

To amma uzurin nan na wane ne? Nasa ne. Allah ya ba shi sauƙi, ya ɗauka ko ya bari. Bai ba 'ya'yansa ikon su kulle shi ba. Shari'a tana ɗora waliyyi a kan yaro da wanda hankalinsa ya gushe, tana hana mai almubazzaranci taɓa dukiyarsa, amma furfura ba ta cikin abubuwan da ke raba mutum da ikon kansa. Mutumin da yake lissafin hayar shagunansa bai kai gigin tsufa ba. Riƙe mabuɗi don kada ya fita, da korar baƙinsa ba da saninsa ba a gidan da shi ya gina, wannan bai halatta ba, kuma ina ji wa yayyenki tsoron ya shiga saɓa wa iyaye ko da niyyarsu alheri ce. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye "uf" ai ta ambaci halin tsufansu ne ƙarara, wato lokacin da ƙarfi ya koma hannun ɗa, shi ke sayen magani, shi ke biyan kuɗin asibiti, har ya fara jin kamar shi ne uban. Na lura 'ya'yan da suka fi hidima su suka fi faɗa wa wannan tarkon, saboda hidimar tana sa su ga kamar sun sayi damar yanke hukunci.

Akwai wurare biyu da hukuncin yake canzawa. Idan shi da kansa ya kamu, ko ya fara zazzaɓi da tari, to zama a gida ya zama wajibi a kansa, domin yanzu haƙƙin wasu ne ya shigo, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shigar da mai cuta cikin masu lafiya. Haka nan in hukuma ta sake rufe masallatai kamar yadda aka yi a 2020, sai a bi. Ban da waɗannan biyun, abin da kuke da shi nasiha ce da lallashi. Dubi Annabi Ibrahim a Suratu Maryam: sau huɗu a jere yana cewa "ya babana", alhali a kan bautar gumaka yake magana. Mahaifinku kuwa masallaci yake nema.

Maganar ɓoye rasuwar aminansa ita ta fi damuna. Ku jinkirta labari na kwana ɗaya ko biyu har jininsa ya daidaita, ko ku nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya zo ya faɗa masa a hankali, wannan hikima ce. Amma a ce mamaci yana gaishe shi, ƙarya ce tsagwaronta, kuma kun hana shi yi musu addu'a, kun hana shi yi wa iyalansu ta'aziyya, kun bar su suna zaton ya yi watsi da su. Ku gaya masa cikin satin nan, ku nemi gafararsa. Zai yi fushi, ku jure. Ina ma kyautata zaton ya riga ya gane, dattijo ba ya rasa sanin cewa shirun abokin shekara hamsin ba lafiya ba.

Ƙaninku kuma ya tuba daga kalmar da ya faɗa. Babu wanda ya ci zamaninsa muddin yana numfashi, kuma ran ɗan shekara 78 daidai yake da na ɗan 20 a wajen Allah da wajen shari'a. Wannan magana ta "ai tsofaffi take kashewa" ita ta sa samari da yawa suka yar da takunkumi, suna yawo kasuwa su kwaso su kai wa kakanninsu har ɗaki. In Baba yana gida amma ƙaninku yana shiga yana fita ba kiyayewa, to ta hannunsa cutar za ta shigo.

Kada kuma ku ɗauka zaman ɗakin ba shi da tasa illar. Mai suga da yake shan magani ba ya cin abinci, sugan na iya faɗuwa ya sume. Ƙafar dattijo in ta daina tafiya wata da watanni ba ta dawowa yadda take. Ƙunci shi ma ciwo ne.

Ga abin da nake gani. Ku mayar masa da mabuɗinsa, ku shimfiɗa tabarmar zaure, ko ma a ƙofar gida inda iska ke kaɗawa, abokansa su zo biyu-biyu a zauna da tazara. Ku kai shi wajen likitansa ya ji bayanin haɗarin da kunnensa, a yi maganar allurar rigakafin da ta iso ƙasar nan a farkon Maris na 2021, a yi maganar azumin ma, tunda mai suga sai da shawarar likita. Shi za a yi wa bayani, kada a tsallake shi ana magana da yayanku a kansa yana zaune. In ya zaɓi masallaci, ya sa takunkumi, ya tafi da dardumarsa, ya tsaya a harabar waje ko gefen sahu, ya bar musafaha. Asuba da Azahar sun fi ƙarancin cunkoso a yawancin masallatan unguwa.

Tarawihi kuwa abin ya zo da sauƙi, domin a Malikiyya yin ta a gida shi ya fi, matuƙar ba a bar masallatai fayau ba. Ku roƙe shi ya ja ku, ku da jikokinsa, in tsayuwa tana ba shi wahala ɗaya daga cikin yayyenki ya ja, shi kuma ya bi a zaune. Itban bin Malik da ganinsa ya yi rauni ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri don ya riƙe shi wurin sallarsa, kuma Annabi ya je. Ku ware wa Baba irin wannan wuri. Tafsiri ya saurara a rediyo, wani ya zauna tare da shi. In duk da haka ya ce sai ya je ranar buɗewa da ranar rufewa, ku kai shi a mota, ku sama masa kujera daga baya inda babu matsi, ku dawo da shi kafin a watse.

Wallahu a'alam.