Idan Kotu Ta Rushe Sulhu, Ta Ina Ake Fara Ɗaukaka Ƙara?

Ka tambaye ni, ɗana, abin da za ka yi, a matsayinka na lauya, wa mutumin da ya yi sulhu da abokin shari'arsa a kan bashi, aka shigar da sharuɗɗan sulhun a Babbar Kotu har alƙali ya mayar da su hukunci, daga baya kuma kotun ta rushe sulhun bisa roƙon ɗaya ɓangaren. Kafin ka rubuta komai, je ka wurin magatakarda ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ka duba ranar da aka yanke shi, domin daga wannan rana ake fara ƙirga maka lokaci, ba daga ranar da takardar ta shigo hannunka ba.

Kada sashe na 241(2)(c) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ruɗe ka. Abin da ya hana shi ne ɗaukaka ƙara ba tare da izinin kotu ba a kan hukuncin da aka yi da yardar ɓangarorin biyu. Hukuncin rushe sulhu kuwa ba da yardar mutuminka aka yi shi ba, saboda haka wannan sashe bai shafe ka ba.

Inda za ka tsaya ka natsu shi ne tantance irin hukuncin. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da wata uku domin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da ya kammala shari'a, amma kwana 14 kacal ga wanda aka yanke a tsakiyar shari'a. A shari'ar Akinsanya da Bankin UBA ta 1986, Kotun Ƙoli ta nuna cewa abin dubawa shi ne ko umarnin kotu ya yanke haƙƙin masu shari'a baki ɗaya. Idan abokin shari'a sabuwar ƙara ya shigar domin a soke sulhun kuma aka soke, hukuncin ya kammala waccan ƙarar. Idan kuwa a cikin tsohuwar ƙarar ya kawo roƙo, alƙali ya soke sulhun ya ce a ci gaba da sauraron shaidu, to ni shawarata ka ɗauka kwana 14 kake da su, ko da wani ya kawo maka hujjar akasin haka. Haƙƙin bawan Allah ne a hannunka, bai kamata a yi caca da shi ba. A irin wannan hali kuma, idan dalilanka ba na doka zalla ba ne, sun taɓa yadda alƙali ya auna hujjoji, sashe na 242 na Kundin Tsarin Mulkin ya wajabta maka neman izini, kuma a cikin waɗannan kwanaki ake so ka same shi. In lokaci ya ƙwace maka, sai ka roƙi Kotun Ɗaukaka Ƙara abu uku a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙarar, tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri.

Game da dalilan ɗaukaka ƙarar, ka tuna cewa kotu ba ta rushe sulhu don wani ya yi da-na-sani. Sai an tabbatar da zamba, ko yaudara, ko kuskure a kan asalin abin da aka yi sulhu a kai, ko kuma cewa lauya ya sa hannu saɓanin umarnin wanda ya ɗauke shi. Saboda haka ka buɗe fayil ka duba takardar sulhun da kanka: wane ne ya sa hannu, a gaban wa, kuma wanda ya nemi a rushe sulhun ya karɓi wani kaso na kuɗin bayan sulhun ya yi shiru? Rasidi guda mai ɗauke da sa hannunsa, matuƙar yana cikin abin da aka gabatar wa kotun farko, ya fi maka dogon jawabi.

Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da shari'a. Da zarar ka shigar da takardarka a rajistar kotun da ta yanke hukuncin, ka bi ta da roƙon a dakatar da sauraron tsohuwar ƙarar, don kada a gama ta kana can kana jiran a haɗa maka kundin shari'a.