Ga ɗan'uwan da ke son sayen motar ture dusar ƙanƙara

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Buffalo, a jihar New York ta Amurka. Shekararsa biyu a can yana aiki a sito, ya tara 'yan kuɗi, yana son sayen tsohuwar a-kori-kura ya ɗaura mata garma a gaba ya riƙa ture wa mutane dusar ƙanƙara daga ƙofar gida da wuraren ajiye motoci. Har ya yi wa mahaifiyarsa a Damagaram alkawarin cewa kuɗin rufin ɗakinta daga wannan hunturun zai fito. Tambayarsa ita ce: ya shiga ko ya haƙura?

Malam, sana'a ce mai kyau, kuma garin da kake ba ya rasa aikinta. Iska kan kwaso danshi daga Tafkin Erie ta juye muku shi, har a watan Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudancin Buffalo suka samu dusar da ta kai kusan ƙafa bakwai cikin 'yan kwanaki. Amma kafin ka je kallon mota, ɗauko takardarka ka duba. In girin kad, wato katin zama na dindindin, gare ka ko katin izinin aiki da bai ƙare ba, bismillah. In kuwa bizar karatu ce ko ta ziyara, to wannan aiki ne da ba ta ba ka damar yi ba, ko da a hannu ake biyanka. Na ga mutanen da suka yi tunanin ba wanda zai sani, sai ranar gyaran takardu maganar ta taso. Ka tambayi lauyan shige da fice tun yanzu.

A-kori-kura irin Ford F-250 ba ta bukatar lasisin manyan motoci, wanda ake nema in nauyin mota da kayanta ya kai fam 26,001 zuwa sama. Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne inshora. Wadda kake biya ta zuwa aiki da dawowa ba ta ɗaukar asarar da aka yi garin sana'a. Ranar da garma ta daki ƙofar garejin wani, ko wata tsohuwa ta zame a wurin da ka share ta karya ƙugu, lauyanta kai zai nema, kuma diyyar na iya cinye motar da abin da ka tara. Ka sayi inshorar kasuwanci ta mota da ta ɗaukar alhakin rauni, ka tabbata an rubuta ture dusar ƙanƙara a cikinta ƙarara. Duk wanda za ka yi wa aiki, ku rubuta yarjejeniya: dusa ta taru inci nawa za ka fito, kowane zuwa za a biya ko kuɗin hunturu gaba ɗaya, kuma wa zai watsa gishiri.

Ita motar, giyabos ne ke fara mutuwa. Kana turawa gaba kana komawa baya sau ɗari a dare, to ka taka birki ta tsaya cak kafin ka canza giya. Ka sa buhunan yashi a bayanta don nauyin garma kada ya ɗaga tayoyin baya. Tun ƙasa na fili, kafin dusar farko, ka je gidajen ka kafa sanduna masu sheƙi a gefen hanya, domin da ƙarfe uku na dare komai fari ne fat, ba ka bambanta ciyawa da siminti. Kada ka tura tarin kan titin gwamnati ko ka binne famfon 'yan kwana-kwana.

Akwai abin da nake roƙonka da girman Allah. A guguwar ƙarshen Disamban 2022 fiye da mutum 40 suka rasu a yankinku, wasu a cikin motocinsu. In ka maƙale, ka fita ka share bakin salansa kafin ka bar injin yana aiki, don iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta wari, barci kawai zai ɗauke ka. In hukuma ta hana tuƙi, ka zauna a gida. Bargo, shebur, ruwa, dabino da cajar waya kada su bar motar.

Sai maganar Inna. Ka kira ta ka gyara zancen cikin ladabi. Wannan sana'a kamar noman damina take, wata shekarar sama ta yi ta zuba, wata kuma Janairu ya wuce garma na jingine tana tsatsa, alhali kuɗin inshora bai tsaya ba. Kuma ba mai cire maka haraji: na mai aikin kansa kaɗai kashi 15.3 ne cikin ɗari, ban da na kuɗin shiga, don haka ka riƙa ware kaso a wani asusu daban. Shawarata, hunturun bana ka tuƙa motar wani mai kwangila, ka koyi hannu da giyabos ɗinsa, ka riƙe aikinka na sito. Ka ce wa Inna za ka aiko da kuɗin kwano a watan Afrilu, bayan ka yi lissafi, kafin ruwan farko ya sauka a Damagaram.