Kafin ka ɗora almakashi a kan yadin ɗan majalisa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa, idan zaɓaɓɓen wakili ya kawo ɗinki, nake fara tambayarsa zauren da zai shiga da kayan tun kafin in ɗauki awonsa. Dalili shi ne kowace majalisa da ƙa'idarta ta sutura, kuma telan da bai san ta ba yana iya ɗinka kaya masu kyau, amma a hana mai su yin magana a cikinsu.

A shekarar 2021 an fitar da ɗan majalisa Rawiri Waititi daga zauren majalisar Niyu Zilan saboda ya ƙi ɗaura laktaye, ya rataya abin wuya na gargajiyar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, kuma ba a jima ba aka soke wajabcin laktayen. A Amurka kuwa, majalisar dattawa ta sassauta a watan Satumba na 2023, sai surutu ya yi yawa a kan Sanata John Fetterman mai son gajeren wando, har aka rubuta ƙa'ida cewa maza su sa kwat da laktaye da dogon wando. A cikin shekarar ne kuma kakakin majalisar Kenya ya hana sa kwat irin ta Kaunda, wadda ake sawa ba tare da laktaye ba, alhali shugaban ƙasar ma yana sa ta. Abin da aka yarda da shi bara ana iya ƙin sa bana, saboda haka tambaya ake yi.

Bayan ka san ƙa'ida, sai ka lura da yadda aikin mutumin yake. Zai wuni a zaune, ya miƙe farat ɗaya, ya ɗaga hannu yana jawabi, kyamara kuma daga ƙirji zuwa sama take ɗaukarsa, don haka kafaɗa da wuya su ne wurin da za ka zuba dukkan ƙwarewarka. Ka auna shi a tsaye, ka sake auna shi a zaune, domin wandon da ya yi daidai a tsaye yakan matse cinya idan an zauna. Ka yanka hammata ta hau sama sosai, don kada kwat ta biyo hannu duk lokacin da ya ɗaga shi. Yadi mai duhu wanda ba ya saurin yamutsewa ya fi, kuma ni ba na yarda da mai ƙananan ratsi, domin rawa yake yi wa ido a talabijin.

Ka kuma bar rarar yadi a cikin ɗinkin ƙugu da gefen kwat, domin ba kasafai 'yan majalisa suke gama wa'adinsu da jikin da suka fara da shi ba, kuma wurinka za a dawo a buɗa.