Tambaya da Amsa: A Wace Ƙasa Zan Fara Koyar da Turanci?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne ɗan shekara 24, an haife ni a Makka, a Shara Mansur, fasfona na Najeriya ne, kuma har yanzu ina kan iƙamar mahaifina, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Firamare da sakandare da Larabci na yi su a nan, sannan na je Kano na yi digiri a fannin Turanci, na kammala bautar ƙasa na dawo. Burina in koyar da Turanci a ƙasar waje. Abokaina suna ta ambata mini Koriya ta Kudu da Japan da Sin, wani dillali kuma ya ce idan na ba shi riyal 6,000 zai kai ni Tailan da bizar yawon buɗe ido, in na isa a mayar da ita ta aiki. Mahaifina bai hana ni ba, amma ya ce in nemi shawara. Wace ƙasa zan zaɓa?

Daga wani ɗanka a Makka.

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da alheri bisa wannan nasiha da ya yi maka.

Kafin kai ka zaɓi ƙasa, fasfon da ke hannunka ya riga ya yi maka rabin zaɓin, kuma gara ka ji wannan daga bakina yanzu da ka ji shi a gaban tagar ofishin jakadanci bayan kuɗi sun fita. Koriya ta Kudu tana ba malaman Turanci biza mai suna E-2, kuma a ƙa'ida 'yan ƙasashe bakwai ake ba wa: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, komai kyan Turancin mutum. Japan ba ta yi wannan jerin ba, amma bizar malamin makaranta mai koyar da harshe tana neman shaidar cewa mutum ya yi shekara 12 yana karatu da harshen da zai koyar, kai kuma shekarunka goma sha biyu na farko da Larabci ka yi su. Ita Sin, izinin koyar da Turanci akasari 'yan ƙasashen da Turanci ne harshensu na gado take ba wa, sannan tun watan Yulin 2021 gwamnatinta ta hana kamfanonin darasin bayan tashi daga makaranta cin riba a manyan darussa, wanda ya rufe wuraren da sababbin malamai suka saba farawa.

Maganar dillalin nan kuwa, ina roƙonka da ka bar ta. Yin aiki a Tailan kafin a ba mutum takardar izinin aiki laifi ne a dokar ƙasar, kuma kai za a kama, ba dillali ba. Hanyar da ta dace ita ce makaranta ta ɗauke ka, ta aiko maka da takardunta, ka kai su ofishin jakadanci a ba ka bizar aiki, kuma da yake ba ka cikin waɗanda ake ɗauka Turanci harshensu na gado ne, za a nemi sakamakon jarrabawar gwajin Turanci irin TOEIC. Akwai abin da ya fi kamu muni. A 'yan shekarun nan an yaudari dubban mutane, har da 'yan Afirka, da alƙawarin aiki a Tailan, suna sauka aka tsallaka da su iyaka zuwa yankin Miyawadi na ƙasar Miyanma, aka tsare su a gidajen damfarar intanet. Ban ce naka dillalin ɗan wannan sana'a ne ba, amma duk wanda ya nemi kuɗi kafin ka ga kwantiragi mai sunan makaranta da albashi da sa hannu, bai cancanci ka miƙa masa fasfonka ba.

Yanzu bari in dawo da kai gida, domin a ganina ƙasar da ta fi dacewa da aikinka na farko ita ce wadda kake zaune a cikinta. Na san wannan ba ita ce amsar da zuciyarka ke so ba, amma ka duba lissafin. A wurin ɗan Najeriyar da ke Kano ko Zariya, Saudiyya ita ce ƙasar wajen da yake mafarkin samun aiki a cikinta, kai kuwa kana da iƙama, ka san gari, kuma kana jin harshen ɗalibai. Tun shekarar karatu ta 2021 ake koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare, ga makarantu masu manhajar ƙasashen waje a Jidda da Riyad da Dammam, ga ma'ahadai, wato cibiyoyin karatu, masu koyar da manya da yamma. Ba a cire harajin kuɗin shiga daga albashi, riyal kuma an ɗaure shi da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka abin da ka tara a bana ba zai narke baɗi ba. Gaskiya ne manufar fifita 'yan ƙasa a wurin aiki ta rage guraben baƙi a makarantu masu zaman kansu, kuma albashin sabon malami mai koren fasfo ba ya kai na mai fasfon Ingila. Wannan bambanci yana da ciwo, kuma za ka tarar da irinsa a Asiya, inda wasu makarantu ke fara neman hoto kafin su dubi takardu.

Kada ka raina Larabcin nan naka, domin shi ne jarin da Baturen da ya sauka jiya ba shi da shi. Na taɓa koyar da ajin yamma na ma'aikata a wani ma'ahadi, kuma akwai wani dattijo direba da ya yi makonni yana mayar da harafin p zuwa b, kamar yadda mu Hausawa muke karkatar da shi zuwa f. Rannan na yage 'yar takarda na riƙe a gaban leɓena, na furta b takardar ba ta motsa ba, na furta p ta kaɗa. Na ce masa da Larabci ya riƙe tasa ya gwada. Da takardarsa ta motsa sai ya yi kabbara, ajin duka suka yage takardu. Haka kuma idan ɗalibi ya gina jimlar Turanci babu aikatau, kai ka san daga jumla ismiyya ya ɗauko ta, wato jimlar Larabci da ke iya tsayawa ba tare da aikatau ba, kuma cikin minti biyu za ka warware masa abin da wani zai yi wata yana ja masa jan biro.

Akwai kuma batun iƙama, wanda nake so ka zauna da mahaifinka a kansa. Kuɗin da ake biya wa kowane wanda ke ƙarƙashin iƙamar wani sun fara da riyal 100 a wata a 2017, suka kai 400 a 2020, wato 4,800 ke nan a shekara yake biya a kanka, kuma ɗa namiji idan ya kai shekara 25 jawazat, wato hukumar shige da fice, na neman ya koma kan iƙamar aiki. Idan makaranta ta ɗauke ka ta zama kafilinka, ka sauke masa wannan nauyi kuma ka riƙe zamanka. Idan kuwa ka fita da huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, haihuwar Makka ba za ta dawo da kai ba, sai da sabuwar biza kamar kowane baƙo. Ka tabbata an shigar da kwantiraginka a dandalin Qiwa na ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya, ka karanta shi kafin ka amince, musamman lokacin gwaji da sa'o'in koyarwa da kuɗin gida. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara guda ba tare da sai kafili ya yarda ba, bisa sharuɗɗa.

Riyal 6,000 ɗin nan, in akwai su, ka ƙara abin da ya sawwaƙa ka yi kwas ɗin CELTA na Kambirij, wanda ke horar da malaman Turanci. Sa'o'i 120 ne, ana iya gama shi cikin mako huɗu, kuma a ciki akwai sa'o'i shida da za ka koyar da ɗalibai na gaske malami yana zaune yana duba ka. Ana yin sa a Alƙahira, tafiyar kusan sa'o'i biyu a jirgi daga Jidda. Takardun da ake samu ta intanet cikin kwana uku, babu aji babu ɗalibi, makarantun kirki ba sa ba su daraja. Ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ma, ko da yake sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki, don haka ka daidaita lokacinta da lokacin neman aiki. Bayan shekara biyu a aji da takardar shaida daga shugaban makaranta, sai mu yi maganar Oman da Ƙatar da Daular Larabawa, waɗanda akasarin makarantunsu ke neman wanda ya taɓa koyarwa, har ma da Tailan ɗin idan har yanzu zuciyarka na can.

Abin da za ka fara a wannan makon shi ne tantance takardar digirinka. Dole ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka yi wa aiki ya buga hatiminsa, kuma wannan zirga-zirga tana cin lokaci. Ka haɗa da takardar kammala bautar ƙasa, ka damƙa wa ɗan'uwa amintacce a gida, ka ajiye hoton kowane shafi a wurinka. Ka gaishe mini da Alhaji.