Anemonin da Ya Cinye Min Kuɗin Fuloti

Na ga saƙonka tun da asuba. Wai anemonin, halittar tekun nan mai kama da fure, da ka saka a tankin kifin Hajiyar nan ta Bompai ya ƙi zama inda ka ajiye shi, jiya yana gaban dutse, yau ya haye gilashin baya, kana tambaya ko akwai gam ɗin da za ka liƙe shi da shi kamar yadda muke liƙe murjani mai rai a jikin dutse. Gam! Shekara biyu kana bina kana riƙe min bokiti, amma har yau ba ka gane cewa wannan halittar dabba ce ba. Don Hajiya tana ce masa furen teku sai kai ma ka ɗauka fure ne? Yana da baki, yana da ciki, yana da ƙafa guda mai laushi da yake manne dutse da ita. Ka shafa mata gam, ka kashe shi. Laifin wayar nan ne. Ku yaran yanzu da kun kalli bidiyon minti ɗaya sai ku ɗauka kun gama koyon sana'a.

Tambayarka ta fama min tsohon gyambo, don haka sai ka yi haƙuri ka ji labari.

Akwai wani Alhaji a Nasarawa, ba zan kama suna ba. Ya je Umara ya ga tankin ruwan gishiri a masaukinsa a Jidda, da anemoni a tsakiya, 'yan kifayen nan masu ruwan lemo da farar ɗamara suna birgima a cikinsa. Ya dawo ya ce lallai sai an yi masa irinsa a falo kafin bikin 'yarsa. Na haɗa masa tanki mai lita 600. Da ya kai sati uku ya ce a kawo anemoni. Na ce Alhaji, sabon tanki ba ya riƙe wannan abin, sai ruwa ya zauna kamar wata shida, wasu ma shekara suke jira. Ya dube ni ya ce, "Malam, kuɗinka ne ko nawa?" Ya ba ni rabi, ya ce ciko sai bayan biki. Ni kuma kwaɗayin aiki ya ja ni, na zuba nawa kuɗin, na yi odar kaya ta Legas, na je filin jirgin Malam Aminu Kano da kaina cikin dare na ɗauko kwalayen. Anemonin irin mai kumburin yatsu ne, wanda a littafi ake kira Entacmaea quadricolor, jawur kamar tattasai. Har yau ban sake riƙe mai kyansa ba.

Ga inda na yi wautar da ba zan yafe wa kaina ba. Na sa wa famfunan kaɗa ruwa raga, kamar kullum. Alhaji ya leƙa ya ce abin ya yi muni, wai kamar an sa wa famfo safa, baƙi za su gani. Na cire. Da hannuna na cire.

Watan Afrilu ne, kuma ka san Kano a Afrilu, zafi yana haura 40. Na jona injin sanyaya ruwa, na ja wa yaron gidan kunne har sau uku kada a taɓa soket ɗin. Daren kamu, gida ya cika da mata, aka rasa inda za a jona firjin lemo, wani mai dabara ya zare injina ya jona firji. Ruwa ya yi ta ɗumi har tsakar dare. Anemoni ya ji wurin ba daɗi, ya saki dutse gaba ɗaya, ruwa ya ɗauke shi, famfo ya zuƙe shi ya markaɗe kamar kayan miya. Da hantsi aka kira ni. Tun daga bakin falo wari ya tare ni. Ruwan ya yi fari kamar koko, ma'aunin zafi yana kan 32, kifi duk sun juya ciki sama, murjanin da na yi wata guda ina jira ya saɓule ya bar ƙashi. Dafin jikinsa da ruɓewar namansa sun isa su kashe tanki guda a dare ɗaya.

Ka san me Alhaji ya ce? Wai na sayar masa da kaya marasa lafiya. Sau bakwai ina zuwa karɓar cikona, maigadi yana ce min ya yi tafiya alhali ga motarsa a rumfa. Kuɗin nan a lokacin da fuloti zan saya da su a bayan gari. Har gobe idan muka haɗu a ɗaurin aure shi yake fara miƙo min hannu, yana tambayar ya kasuwa.

To, koma kan naka. Kafin ka yi komai, yau ɗin nan, ka rufe kowane famfo da raga ko soso, har da bakin da ruwa yake malala zuwa tankin tace ruwa na ƙasa. Idan Hajiya ta ce ya yi muni, ka ba ta lambata.

Anemoni ba ya yawo don nishaɗi. Tafiyarsa ƙara ce yake kai maka, wani abu bai yi masa ba. Mafi yawa haske ne. A cikin namansa akwai 'yar gansakuka mai ƙanƙanta da ido ba ya gani, ita take sarrafa haske ta ciyar da shi, shi ya sa idan fitila ta yi rauni zai hau sama yana nema, idan kuma ka watsa masa haske mai ƙarfi rana ɗaya zai gudu bayan dutse. Tunda naka ya haye gilashi, ka fara duba fitilar. Ka ƙara ta kaɗan kaɗan cikin sati biyu. Sannan ka duba famfo. Yana son ruwa ya riƙa kaɗa yatsunsa kamar iska a gonar gero, amma idan ka saita bakin famfo a kansa kai tsaye zai tashi.

Kuma na tabbata ba ka yi masa wurin zama ba, ɗora shi kawai ka yi a kan dutse kamar tulu. Mai kumburin yatsu rami yake so, ya cusa ƙafarsa can ciki cikin duhu, kansa kuma a waje yana shan haske. Ni tsibiri nake yi masa, dutse mai kogo shi kaɗai, yashi ya zagaye shi, nesa da gilashi da sauran duwatsu, domin bai cika son tsallaka yashi ba. Wani irin anemonin mai kama da darduma, Stichodactyla haddoni, shi yashin ma yake so, mai zurfi, ya binne ƙafa. Irin da ake kira Heteractis magnifica kuwa, duk wanda ya ce ka kawo masa ka ce babu. Sai ya hau wuri mafi tsayi a tankin, kuma da wutar garin nan ba zai kai ko'ina ba.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin 25 da 26, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 zuwa 1.026, kuma tsayawar ita ce magana. Da hunturu iska ta bushe, ruwa yana tsotsewa da sauri, gishiri ya yi ta hawa ba ka sani ba. Ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi, kullum. Wanda ya zuba ruwan burtsatse kada ya ce ni na koya masa. Haɗa gishiri da canjin ruwa kuwa ba zan ɓata yawuna a kai ba, idan ba ka iya ba zuwa yanzu ka koma sayar da kifin roba.

Yanzu da yake kan gilashi, ka ƙyale shi. Kai dai ka janye murjani daga hanyarsa, don duk wanda ya goga zai harbe shi. Idan ka gyara abin da ya dame shi zai zaɓi wuri da kansa, wataƙila ba inda Hajiya take so ba. In ya zama dole a cire shi, ka goga ƙanƙara a gefen ƙafar, ka bi da tsohon katin banki a hankali har ya saki. Kada ka fizga, ƙafar da ta yage sau da yawa ajalinsa ce. Bayan ya zauna ka riƙa ba shi ɗan yankin jatan lande sau ɗaya a sati, ƙarami, ba loma irin taka ba.

Af, Hajiyar ta biya ka duka kuwa? Idan akwai ciko, yau kafin ka taɓa famfo ka karɓo shi, sannan ka biyo ta shago ka ɗauki raga, tana cikin kwalin da ke ƙarƙashin benci.