Talabijin ɗin Baba da masu neman jar zaiba

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Ni mai gyaran waya ne a unguwar Aboabo, Kumasi, na san mita, na san aikin dalma. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar talabijin Grundig mai kala, inci 20, wadda ya zo da ita daga Jamus a 1987. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kan sif ba a kunna ta ba. Ina so in tashe ta in haɗa da tsofaffi biyu da na riga na tara. To wani mutum ya zo gidanmu har sau biyu, wai akwai jar zaiba a cikin kwalbar da ke nuna hoto, in muka bari ya fasa zai ba mu kuɗin da ya isa sayen fili. Yayyena sun ce kayan gado ne, ni ke tare musu arziki. Wallahi barci ya gagare ni. Gaskiya mutumin ya faɗa? Kuma in jona ta in gani ko tana kamawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Ka koma ka yi barcinka, ba ka tare wa kowa komai ba. Kada ka jona ta tukuna, zan gaya maka dalili, amma bari in fara da baƙonku, don irinsa sun ishe ni.

Babu jar zaiba a cikin talabijin ɗinka. Babu ita a tawa, babu ita a tsohuwar rediyo, babu ita a dutsen guga na gawayi. Abin da suke kira red makyuri, mai darajar da suke faɗa, ba a taɓa samun sa a ko'ina ba. Na fi shekara talatin ina buɗe bayan akwatunan nan a Kumasi, na ga gidan ɓera, na ga ƙadangare ya bushe a kan filaibak, wato taransifomar da ke ba kwalbar wuta mai ƙarfi, na taɓa samun takardun kuɗi na tsohon sidi da wata tsohuwa ta ɓoye ta manta, amma ko ɗigo na wannan abu ban taɓa gani ba. Da akwai shi, kana jin da har yanzu ina zaune a shago mai rufin kwano ina cinikin sidi hamsin?

Jita-jitar ma ba a nan aka haife ta ba. Ta yi ƙarfi ne wajen rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da 'yan damfara ke tallan ta a matsayin sinadarin haɗa bam. A 2009 ta sauka Saudiyya, aka ce tana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka dinga sayen keke da kuɗin mota, suna kara wayar hannu a jikin allura wai in sabis ya ɗauke to akwai ta. Da ta iso wajenmu sai ta sake riga: wai aljanu ne ke sha su kawo kuɗi, wai tana gudun tafarnuwa tana bin zinariya, wai ba ta fitowa a madubi. Kullum tana cikin abin da ya tsufa, kullum mai saye yana wani gari, kuma ba ka taɓa haɗuwa da wanda ya karɓi kuɗin da hannunsa, sai dai abokin ƙanin wani.

Ga yadda wasan yake tafiya. Ya faɗi kuɗin da ya ruɗa gida. In kun amince, sai a ce akwai kuɗin gwaji, ko kuɗin motar wani ƙwararre daga Ankara, babban birnin Gana, ko kuɗin wata kwalba ta musamman da za a zuba ta. Kun biya, ya fasa, ya girgiza kai ya ce ai taku ta ƙone. Kafin ya fita ya kwashe jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar da wanda ya zagaye fuskarta, ya kai Dagomba Line, wurin masu sayen tsohon ƙarfe, a auna masa a sikeli. Gara ma yaran kondem, 'yan gwangwan masu tura kura, su aƙalla sun gaya maka ƙarfe suke saye.

Abin da ke ja a ciki kuwa na san shi ɗaya bayan ɗaya: jar waya mai kauri da ta taso daga filaibak zuwa hular roba da ke manne a jikin kwalbar, da ɗan jan fenti da kamfani ke ɗiga wa kan sukurori don kada su motsa. Su ake nuna wa mutane da tocila a ce ga alama. Abin dariya, zaiba ta gaskiya, fara, mai guba, tana cikin siraran fitilun da ke bayan allon talabijin falat na farko-farko, waɗanda ba wanda ke zuwa nema.

Asarar kuɗi da sauƙi, fasawar ce ke tayar mini da hankali. Kwalbar nan an zuƙe iskar cikinta kaf, iskar waje kuma tana danna ta da kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Fuskar inci 20 kaɗai tana ɗauke da nauyin da ya wuce tan ɗaya. In aka sa mata guduma sai ta rufta ciki sannan ta watso gilashi ko'ina. Gilashin bayanta cike yake da dalma, an sa ne don tare hasken ekisire, farin garin da ke shafe a cikin fuskar kuma ba abin shaƙa ba ne, balle a tsakar gida inda yara ke rarrafe ana tankaɗen gari. An taɓa kawo mini wani yaro, bai fi shekara sha shida ba, a kan hanyarsu ta dawowa daga asibiti, ɗinki tun daga gira har kunci. Kawunsa ne ya sa shi ya fasa talabijin National ta kakarsu. Sun zo da ragowar a buhun shinkafa, kawun yana tambayata wai ko jar zaibar ta tsiyaye ƙasa ne. Abin da na gaya masa ba zai rubutu a nan ba.

Ka gaya wa yayyenka haka: duk mai son akwatin ya ajiye kuɗinsa a gaban shaidu ya ɗauke ta yadda take, ba gwaji, ba fasawa. Za ku ga ƙafarsa ta ɗauke. Maganar gado kuma ku kira wanda ya san kaya ya yi mata kuɗi, ka biya su rabonsu, ta zama taka. Darajarta ta gaskiya ba ta kai fili ba, amma kaya ne mai kyau. Talabijin ta fara aiki a Gana a 1965, kala ba ta zo ba sai 1985, wato Alhaji na cikin na farko-farko da suka kalli kala a unguwarku. Ya kuma iya zaɓe: a wancan lokaci Jamus ta Yamma da Gana tsarin talabijin na PAL iri ɗaya suke bi, wutar ma ta dace. Ta Ingila hoto za ta ba ka babu murya sai an sake mata saiti, ta Amurka kuwa tsarinta daban, wutarta 120, jonawa ɗaya hayaƙi.

Yanzu kunnawa. Kondensoshi, wato masu ajiye caji, da suka yi shekara goma sha ɗaya a kwance, a damshin Kumasi, ba a watsa musu wuta gaba ɗaya. Buɗe bayan, ka share ƙurar hunturu da burushi mai laushi, ka duba cizon ɓera, ka duba kondensar da ta kumbura ko ta yi zufa, ka bi ƙafafun filaibak da na manyan taransisto da gilashin dubawa, don dalmar wurin ce ke fara tsagewa. Sannan ka sa kwan fitila na da, mai zare, wat 100, a jere da wayar wuta. In ya yi haske ya dushe, alhamdu lillahi. In ya tsaya ƙal, kashe, akwai inda ya haɗe. Kada ka juya ƙananan zobban maganaɗisu na wuyan kwalbar, kamfani ya saita su, mayar da su aikin yini guda ne. Hoto kuma ka ba ta daga dikoda ko DVD, in ba ta da ramin bidiyo ka sa ƙaramar modileta ta bi ta ramin eriya. Ka nema mata sitabilaiza saboda dumso, wato ɗauke wuta da kawowa, kuma in ta tashi ka riƙa kunna ta ko awa ɗaya a wata, tare da sauran biyun.

Hannunka ya saba da batirin waya mai volt huɗu. A ƙarƙashin hular robar nan akwai wajen volt 25,000 in tana aiki, kuma kwalbar na riƙe caji bayan an zare filogi. Babbar kondensa ta wajen shigar wuta tana riƙe sama da 300, ita ce ma ta fi cizon masu gyara. Wasu akwatunan na wancan zamani ƙarfen jikinsu kansa na ɗauke da wutar gida. Sauke caji ana koyon sa ne a gaban wanda ya iya, hannu ɗaya a aljihu. Ka kai ta wurin tsohon mai gyara ku yi karon farko tare. Wajen ɗauka ku zama ku biyu, nauyin duk a gaba yake, ku jingina fuskar da kujerar tasi da bargo a tsakani, kada ta hau kan tarotaro, wato bas ɗin haya, kuma kada kowa ya kama ta ta wuya.