Tambaya da Amsa: Za mu rubuta kurmin garinmu da sunan dattijonmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a Jigawa. Gabas da garinmu akwai kurmi da tafki, tun kakanni hurumi ne, nan dabbobi ke sha, nan mata ke tsintar tsamiya da ɗorawa. Bana bayan girbi muka wayi gari an kafa turakun siminti a gefe guda, wai an yanka fulotai. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce can mutanen gari kan kafa ƙungiyar sa-kai ta riƙe irin wannan wuri har abada. Mu matasa mun yi karo-karo, amma an ce rajistar ƙungiya wahala ce, sai muka yanke a fitar da takarda da sunan wani Alhaji, dattijon da kowa ya yarda da shi. Barci ya gagare ni. Mun yi daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da barcin ya ƙi zuwa. In kuɗin karo-karon bai bar hannunku ba, ku riƙe abinku, kada ku kai sunan Alhaji ko'ina.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Tun 1891 aka kafa irin wannan ƙungiya a jihar Massachusetts, mai suna Trustees of Reservations, bisa shawarar Charles Eliot, mai tsara lambuna. A Ingila aka kafa National Trust a 1895. Yau ƙungiyoyin riƙon amanar ƙasa sun haura dubu a Amurka, da yawansu ƙanana ne, 'yan sa-kai ke tafiyar da su. Ko su sayi filin, ko a ba su kyauta, ko mai fili ya ci gaba da noman abinsa amma ya sa hannu cewa ba za a taɓa yanka shi fulotai ba, a shigar da sharaɗin a rajistar filaye yadda zai bi duk wanda ya saya ko ya gada. Duk shekara 'yan ƙungiya su taka su zagaya iyaka su ɗauki hoto. Abin da ƙanen naka bai jaddada maka ba shi ne, da sunan ƙungiya ake rubuta filin, don ƙungiya ba ta mutuwa, kuma ba ta da 'ya'ya.

To a nan ne nake da magana da ku, kuma wallahi na gaji da maimaita ta. Da wuya mako ya wuce ba a zo mini da filin makaranta, ko na idi, ko maƙabarta, da aka rubuta da sunan "mutumin da kowa ya yarda da shi" ba. Ni ban yi shakkar Alhaji ba. Amma ranar da ya cika, duk abin da ke ɗauke da sunansa ya shiga tarika, wato dukiyar gado. Za a fara biyan bashi, a fitar da wasiyya, sannan a raba. Alƙali ba ya aiki da abin da aka faɗa a gindin darbejiya bayan la'asar shekara ashirin da suka wuce, sai an kawo masa shaidun da suka ji, su kuwa shaidun tsararrakin Alhaji ne, kusan tare suke tafiya.

Za ku ce ai 'ya'yansa ma mutanen kirki ne. Mu ɗauka haka ne. In cikin magada akwai maraya ɗan shekara shida fa? Ba yayansa ko uwarsa da ke da ikon yafe rabonsa, alƙali ma ba zai yarda ba, kuma daidai ya yi. In Alhaji ya rasu da bashin taki a kansa fa? In ɗaya daga cikin 'ya'yan ya matsu da kuɗin asibiti, dillali kuma na zaune a zaure da kuɗi a leda?

Na taɓa tsayawa wa wasu dattawa a irin wannan shari'a. Babban ɗan mamacin ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da takarda naɗe a tsohuwar ledar burodi, sunan mahaifinsa ɓaro-ɓaro, ba kalmar al'umma ko ɗaya. Wani tsoho da ya sayar da ɗan maraƙinsa ya zuba a karo-karon sai rantsuwa yake, yana cewa kowa ya sani. Da aka ce a kawo kowan, mutum biyu suka rage, ɗaya kunne ya tafi, ɗayan surukin magadan ne. Kafin damina ta zagayo, tsamiyun wurin sun koma buhunan gawayi.

Wanda ya ce muku rajistar ƙungiya ta fi ƙarfinku, ku bincika ko ba shi da ƙafa a cinikin fulotan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiya, a hukumar rajistar kamfanoni, CAC: mutum biyu ko fiye, kundin tsarin ƙungiya, sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Da an yi, ƙungiyar ta zama mutum a idon doka: tana riƙe fili, tana kai ƙara, amintacce ya mutu a sa wani, filin yana nan. Ko rushe ta aka yi, ba a raba wa mambobi kadararta, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Ku sa Alhaji cikin amintattun, ya shugabance su ma, girmansa ne. Ku haɗa da wakilin mata masu tsintar tsamiya da na makiyaya, kada a cika kujeru da 'yan gida ɗaya. A kundin ku rubuta ƙarara cewa ba a sayar da filin, ba a jinginar da shi, ba a yanka shi.

Sai dai takardar CAC ba takardar fili ba ce, wannan ma kuskure ne da nake gani. Bambancinmu da Amurka ke nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu a Arewa ma tun dokar 1962 kusan haka abin yake. Abin da kuke samu izinin zama da amfani ne. In garinku ba ya cikin yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 ta noma ko 5,000 ta kiwo ba tare da an nemi yardar gwamna ba. Kafin nan ku tambaya ko kurmin yana cikin gandun daji ko makiyayar da gwamnati ta riga ta keɓe, in haka ne ba mai ikon sayar da shi, ku ma ba mai ba ku, kuma hujjarku ta ƙara ƙarfi. Ku ɗauko safiyo mai lasisi, ba yaron da ke yawo da tef da waya ba. In burtali ya ratsa wurin, ya fito a taswira kuma kada a katange shi. Fayil zai kwana a kan tebur, za a ce oga ya yi tafiya, za a ce a dawo Litinin. Ku riƙa karɓar rasit, ku ajiye kwafin kowace takarda a gida uku.

Abin da ke ba ni takaici, ba sai mun je Amurka ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya samu fili a Khaibara, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Ya sharɗanta ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Wannan shi ne wakafi, wasu su ce hubusi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Amma mu in aka ce a rubuta, sai a ce an raina dattijo. Wane raini? Kun ɗora wa bawan Allah nauyin da zai bi shi kabari, kun jefa marayunsa cikin cin abin da ba nasu ba ba tare da sun sani ba, sannan ku ce girmama shi kuka yi? Ku ji tsoron Allah.

Batun turakun kuwa, kada matasa su je su tumɓuke su da dare, sai mai gaskiya ya koma mai laifi. Gobe da safe ku ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Ku rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, kwafi ga hakimi da dagaci, kuna neman a faɗi wanda ya sayar da kuma ikon da ya dogara da shi. A buga muku hatimi da kwanan wata a naku kwafin. Sannan ku zaunar da tsofaffin garin, tun suna da rai, kowa ya faɗi iyakar hurumin daga wace kuka zuwa wane suri, ku naɗa a waya, ku rubuta, su dangwala.